Tsakanin gona da kwalta: wace mota ce hanyar ke karɓa?

Daga watan Satumba, idan masara ta fara bushewa a gonakin Dandume, hankalin manomi kan koma kan yadda zai fitar da amfaninsa. Daga bakin kwalta zuwa kasuwar hatsi ta Dandume, ko zuwa Funtua, aikin Canter ne da manyan motoci, ba wata damuwa. Wahalar tana can ciki, a 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gonaki, wadda sawun shanu da tayar amalanke suka fitar, ruwan Agusta kuma ya ƙwaƙule ta.

Mutane da yawa sun ɗauka Hilux ce maganin irin wannan hanya. Ƙarfi kam tana da shi, ga cikinta a ɗage daga ƙasa, wadda tayoyinta huɗu ke ja kuwa ba kasafai taɓo ke riƙe ta ba. Sai dai a duba jikinta. Tsawonta ya haura mita 5, faɗinta wajen mita 1.8, kuma kafin ta juya baya ba tare da ribas ba sai ta sami fili kusan mita 12. Ina za a samu wannan fili a burtalin da dawa ta tsaya dama da hagu?

A kwana ne abin ya fi bayyana. Tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, yanke take yi ta ciki, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu, gwargwadon faɗin yankewar. Direba zai ga gaban motarsa ya wuce lafiya, alhali tayar baya ta hau kunyar wani ta kwantar masa da waken suya. Daga nan sai cacar baki, wani lokaci har gaban mai unguwa. Wannan tazara ce kuma ke sa doguwar mota ta sagale a kan tudu: gaba ya haye, baya bai hau ba, ciki ya zauna a kan ƙasa, tayoyi suna juyi a banza.

Ƙananan motocin kaya irin Daihatsu Hijet da Suzuki Carry an ƙera su ne bisa dokar Japan da ta kayyade tsawonsu kada ya wuce mita 3.4, faɗi kuma mita 1.48. Manoman shinkafar can ma da su suke shiga tsakanin gonaki. Irin wannan mota tana juyawa a filin da bai kai mita 8 ba, kuma in ta kafe, majiya ƙarfi biyar sun isa su turo ta. Rauninta lodi ne. Kilo 350 aka yi ta domin ɗauka, wato buhu uku da rabi na masara. Idan aka jibga mata goma, nauyi ya koma sama, kan siririn jiki da ƙananan tayoyi, rami ɗaya ya isa ya kifar da ita. Wannan ganganci ne, kuma yaran da ke zaune a kan kaya su ne ke fara jin jiki.

Inda hanya ta tsuke ta zama ta ƙafa, babur ne kawai ke shiga, da buhu ɗaya ko biyu a baya. Amalanke kuma, duk da nawarsa, shanu na ja shi ta cikin caɓin da inji ke kasawa. Sha'anin tsaro ma ya nuna amfanin babur a yankin Dandume, Sabuwa da Faskari, inda 'yan bindiga ke shiga daji a kan babura. Da gwamnatin Gwamna Dikko Radda ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, ta haɗa mata da babura, ba motoci kaɗai ba.

A ganina, ƙungiyar manoman da ke tara kuɗin sayen mota ta fara zuwa da igiya ta auna wurin da ya fi matsewa a hanyarta, ta kuma duba mashigar rafi a ƙarshen damina. Ƙaramar hukuma ita ma, in ta gina kwalbati ɗaya a irin wannan mashiga, zai ba ƙaramar mota damar kaiwa gonakin da yanzu sai a kan babur ake kwaso masararsu, buhu-buhu, kowane sawu da kuɗinsa.