Karen Azawak, Mai Gadin Garke



Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Markoye ko Gorom-Gorom ya san karen nan dogo, siriri, mai tsukakken ciki, wanda ke kwance gefen rugar Fulani ko tantin Buzaye. Baƙo ya gan shi sai ya ce yunwa ce. Ba yunwa ba ce, halittarsa ke nan. Sunansa na kwarin Azawak ne, tsakanin Mali da Nijar, inda shanun Azawak ma suka samo nasu. Namiji kan kai santimita 74 a kafaɗa, amma nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba.

Wajen 1970, tun ƙasar nan ba ta zama Burkina ba, wani jami'in jakadancin Yugoslabiya ya tafi da irinsa Turai. A 2019 ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin littafinta. Can ado ne. Nan ma'aikaci ne.

To, amma a fahimta: ba ya kora shanu yadda yaron kiwo ke yi. Aikinsa gadi. Da dare, kura ko dila ko ɓarawo ya doso, shi zai fara ji, ya yi haushi, 'yan'uwansa su taso tare. Mutum ɗaya ko gida ɗaya yake riƙewa, baƙo kuwa ko ya ba shi nama sai ya yi masa kallon nesa. Saboda haka wanda ya sayi babba a kasuwa ya yi asarar kuɗinsa. Kwikwiyo ake ɗauka, ya tashi cikin maruƙa.

Kuskurenmu na 'yan birni shi ne ɗauri. A kawo shi Wagadugu, a ɗaure shi a turke cikin gida, wata biyu sai ya fara cizon yara, a ce mugu ne. Alhali dabbar gudu ce, fili take so.

Cinsa ba wahala: tuwon gero da nono, sai ɗan ƙashi. Rana ba ta damunsa, amma ruwan sama da hunturu suna ba shi wuya, a yi masa rumfa. A riƙa cire masa kaska. Sannan allurar haukan kare wajen likitan dabbobi, kowace shekara. A ajiye takardar tare da ta shanu, don in ya ciji wani a hanyar Gana ko Kwaddibuwa, ita za a fara tambaya.