Batir Ma Yana Yin Zazzaɓi

Ɗan'uwa, maganin rigakafin da ake yi wa ɗanka daga firiji yake fitowa, kuma dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8. A ƙananan asibitocinmu na ƙauye da yawa, firijin nan da fitilar ɗakin haihuwa duk batiran sola ne ke riƙe da su. In batiran suka mutu, magani ya lalace, ungozoma kuma ta karɓi haihuwa da tocila. Saboda haka kada ka yi mamaki don mai jinya ta kawo maka zancen batir, musamman in kana cikin kwamitin asibiti ko kai ke kula da solar majami'a.

Batir mai dalma da ruwa ya fi jin daɗi a digiri 25. In ya daɗe a digiri 35, kwanansa kan ragu da kusan rabi. To, a Garwa da Marwa, cikin Maris da Afrilu, zafin inuwa kaɗai yakan haura 40, balle ɗakin kwano a rufe. Sanyin hunturu kuwa, irin na asuba a Ngaundere, ba ya kashe batir, sai dai ya rage wutar da zai bayar.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin awo. Sai a rataye ma'aunin zafi a bango a ce an auna. Iska aka auna, ba batir ba. Wa ya taɓa sanin zazzaɓin yaro ta auna ɗakin da yake kwance? Batir abu ne mai nauyi, a hankali yake ɗaukar zafi, a hankali yake saki. Hadari ya taso, ɗaki ya yi sanyi nan da nan, amma cikinsa na nan da zafin yamma. Caji ma na ƙara masa ɗumi.

Ka manna bakin ma'aunin a gefen batir, daidai tsakiyar tsayinsa, ka rufe da ɗan soso ka ɗame da salatif don kada iska ta taɓa shi. In batiran a jere suke, zaɓi na tsakiya, shi ya fi zafi. In akwatin daidaita caji na da 'yar wayar awon zafi, nan ne wurinta, gama da ita yake rage ƙarfin caji lokacin bazara, ya ƙara da hunturu. In an bar ta tana lilo, zai yi ta dafa batiran, ruwansu ya ƙafe.

Ka rubuta awon a littafi safe da la'asar, kullum lokaci ɗaya, kamar yadda muke yi wa firiji. In ya doshi digiri 50, ko ɗaya ya fi sauran zafi sosai, ko ya kumbura, a tsai da caji a kira mai gyara. A bar tagar ɗakin a buɗe, kada a shiga da aci-balbal ko taba, domin iskar da batir ke fitarwa lokacin caji tana kama wuta.