Ƙwayoyin da Ke Gyaran Jijiyoyin Jini

Ku dubi bayan hannunku, za ku ga jijiyoyin jini. Ta irin waɗannan hanyoyi ne jini yake zagaya jiki, yana kai abinci da iskar oksijin ko'ina. Idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, sai mutum ya sami bugun zuciya. Idan kuwa ta ƙwaƙwalwa ce ta toshe, ɓarin jiki yakan shanye.

To, yaya jiki yake gyara wannan ɓarna? A shekarar 1997, wani masani ɗan ƙasar Japan, Takayuki Asahara, da abokan aikinsa a Amurka suka gano wasu ƙwayoyin halitta masu yawo cikin jini. Ƙwayoyin ba su gama girma ba, amma suna taimakawa wajen gyaran jijiya daga ciki da tsirowar sababbi.

Sashen da ya rasa oksijin yakan saki sinadarai cikin jini, kamar mai neman agaji. Sai ƙwayoyin su fito daga ɓargo su nufi wurin. Bayan bugun zuciya, yawansu yakan kai ƙololuwa wajen kwana na 7. Masu shanyewar jiki da ƙwayoyinsu suka ƙaru a makon farko sukan fi samun sauƙi.

Shan taba da ciwon suga da tsufa suna rage su, motsa jiki kuwa yana ƙara su. Amma ku sani, ƙwayoyin ba sa buɗe jijiyar da ta toshe. In kun ga bakin mutum ya karkace, ko yana dafe ƙirji, ku garzaya da shi asibiti.