Jirgin kaya a lambun bayan gida

A Birtaniya akwai masu shimfiɗa layin dogo mai faɗin milimita 32 kacal a lambunsu, suna kwaikwayon ƙananan layukan yankin Wales irin Ffestiniog, wanda aka buɗe a 1836 don jigilar dutsen rufin gidaje. Kan jirgin ɗan ƙarami ne, amma da tururi na gaske yake tafiya.

Wahalar tana wajen jan kaya. Taragon da ba a yi wa lodi ba ba shi da nauyi. Da an zo kwana sai ya sauka daga layi, ya ja na bayansa. Shi ya sa gwanaye kan liƙa dalma a ƙarƙashinsa, su jera masu nauyi kusa da kai. Duk da haka, ɗan tsinke guda a kan layi ya isa ya kifar da lodin tsakuwa cikin furanni.