Babi na Bakwai: Yadda Ake Horar da Mai Ba da Shawara a Ƙarƙashin Kulawar Gwani

Magidanci zai je asibiti ya ce kansa na zafi, gabansa na faɗuwa, barci ya ƙaurace wa idonsa. A auna shi a ga babu zazzaɓi, babu hawan jini. Sau da yawa abin da ke cin sa yana cikin zuciya: bashin taki, rigimar gado, mutuwar aure, ko abin da idonsa ya gane masa ranar da 'yan bindiga suka shigo gari. Irin wannan mutum shi ne abokin aikin masanin halayyar ɗan'adam mai ba da shawara. Shi wannan ma'aikaci ba ya rubuta magani, ba ya yin allura. Zama yake yi da mutum ya saurare shi, ya taimaka masa ya warware tunaninsa har ya hango mafita da kansa. Aikin yana da kama da hira, shi ya sa mutane ke ɗauka kowa zai iya. Amma sana'a ce, kuma a gaban gwani ake koyon ta.

Asalin tsarin

A farkon shekarun 1940 wani masani ɗan Amurka, Carl Rogers, ya fara naɗar zaman da ake yi da masu damuwa a faifai, da izininsu, don shi da ɗalibansa su sake saurare. Nan aka gano cewa abin da ɗalibi ke zaton ya faɗa daban, abin da ya fito daga bakinsa daban. Wani yana katse mutum, wani yana tsoron shiru, wani wa'azi yake yi bai sani ba. Tun daga nan bitar zama ta zama ginshiƙin horo. A yau hukumar da ke tantance kwasa-kwasan ba da shawara a Amurka tana neman ɗalibi ya yi awa 100 na gwajin farko, sannan awa 600 na aiki, tare da ganawa da mai kula da shi kowane mako. A Birtaniya, ƙungiyar masu sana'ar tana buƙatar ƙwararren da ta tantance ya ci gaba da ganin mai kulawa aƙalla awa ɗaya da rabi a wata.

A Nijeriya an kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a Ibadan a 1976. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna koyar da fannin, kuma gwajin aiki yana cikin manhaja. Sai dai tun da a tsangayar ilimi aka fi koyar da shi, makarantu ne suka fi samun ɗaliban gwaji. Zama da ɗan sakandare kan zaɓen darasi dabam yake da zama da dattijon da aka kore masa shanu.

Matakan horo

Ɗalibi yana farawa da kallo: ya zauna gefe, da yardar mai damuwar, ya ga yadda gwani ke buɗe zance da rufe shi. Daga nan sai su yi kwaikwayo da 'yan ajinsa. Sannan a ba shi mutum ɗaya ko biyu masu matsala mai sauƙi, ya rubuta rahoton kowane zama ba tare da suna ba, ya kai wa mai kula da shi. Kamar dai ɗalibar makarantar ungozoma ta Malumfashi, wadda ba a barin ta ta karɓi haihuwa ita kaɗai sai babbar ungozoma ta ga hannunta ya faɗa.

A ɗauka wani ɗalibi ya zauna da manomin da ya sayar da gonarsa ya fanso ɗansa. Dattijon ya ce, "Yaro, ni yanzu ban ga amfanin kaina ba." Ɗalibin ya amsa da sauri, "Baba, a yi haƙuri, kowa da irin tasa jarrabawar." Baba ya ce haka ne, ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa. A zaman bita sai malamar da ke kula da ɗalibin ta tambaye shi: "Da ya faɗi haka, me ka ji a ranka?" Ya ce tsoro ya ji. Ta ce, "To, tsoronka ka kwantar. Maganar haƙuri gaskiya ce, amma ya ji ta daga bakin liman da maƙwabta. Wurinka ya zo don ya faɗi abin da ba zai iya faɗa musu ba." Ta koya masa ya ce, "Baba, ƙara min bayani," ya jure shirun da zai biyo baya, kuma ya tambaya cikin ladabi, ba kewaye-kewaye, ko tunanin halaka kansa na zuwar masa. Wannan tambaya tana ceton rai, kuma da wuya sabon ɗalibi ya yi ta in ba a tsaya a kansa ba.

Saboda haka aikin mai kulawa uku ne: ya gyara hannun ɗalibi, ya kare wanda ya kawo kukansa, ya kuma lura da lafiyar ɗalibin, domin mai sauraron labarin kisa da garkuwa kullum shi ma zuciyarsa na gajiya.

Abin da ya shafi yankinmu

Aiki da manya a ƙasar Malumfashi da Funtuwa yana buƙatar sanin gida. Akwai kunya: mace ba za ta ambaci sunan mijinta ko ɗan farinta ba, balle ta buɗe sirrin ɗaki ga saurayi sa'an ɗanta, don haka a haɗa ta da mace. Akwai riƙon amana a garin da kowa ya san kowa; ɗalibin da ya kai labari majalisa ya rusa aikin gaba ɗaya. Akwai kuma sanin cewa kafin mutum ya iso, ya riga ya biya ta wurin malami, ko mai ruƙiyya, ko mai maganin gargajiya. Masani Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya nuna yadda jama'a ke zagaya masu magani iri-iri suna neman dacewa. Ɗalibi ba zai raina wannan ba. Zai dai koyi gane alamun da suka fi ƙarfinsa, kamar jin muryoyi, ruɗewa, farfaɗiya da shaye-shaye mai tsanani, ya tura mutum ga likita, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano.

Buƙatar masu ba da shawara a yankin ba ɓoyayya ba ce. Sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, da hare-haren Faskari, Sabuwa da Dandume, sun bar iyaye da zawarawa masu ɗauke da ciwon da ba a gani.

Ina masu kulawar?

Ƙwararru sun yi kaɗan, amma akwai dabara. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, ma'aikatan lafiya na bibiyar su, kuma bincike ya tabbatar da amfanin hakan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin zama biyar don manya masu damuwa a 2016, wanda ko mutumin da ba likita ba ne zai iya gudanarwa, da sharaɗin horo da kulawa. Gwani ɗaya a Zariya ko Katsina zai iya duba ɗalibai da dama ta waya da ziyara.

Malumfashi ba baƙuwar horo a gaban gwani ba ce, domin asibitinta ya taɓa zama cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da na Zariya da na Kaduna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ƙarfafa haƙƙin mara lafiya na mutunci da sirri. Abin da ya rage shi ne jami'o'i da gwamnatin Jihar Katsina su buɗe guraben gwajin aiki a asibitocin yankin, su naɗa masu kulawa, su biya su. Kai kuma mai karatu, in za ka kai ɗan'uwanka wurin mai ba da shawara, ka tambaye shi inda ya yi horo da wanda ke duba aikinsa. Haƙƙinka ne ka sani.