Rembrandt da yawon bakin kogin Amstel

Duk ranar da rana ta leƙo a Amsterdam, sai ka ga mutane sun hau kekuna sun bi gaɓar kogin Amstel zuwa ƙauyen Ouderkerk. Da yawansu ba su san sawun wa suke bi ba.

Sawun Rembrandt ne, mai zanen da aka haifa a Leiden a 1606, ɗan wani mai injin niƙa. Ya koma Amsterdam, attajirai suka yi ta neman ya zana fuskokinsu, har a 1639 ya sayi katafaren gida a bakin gari. Sai a 1642 matarsa Saskia ta rasu. A shekarun da suka biyo baya ya yawaita fita bayan gari a ƙafa, da takarda da alƙalami, yana zana bukkokin manoma masu rufin ciyawa, da kwale-kwale, da shanu a makiyaya. Shahararren zanensa na bishiyoyi uku, wanda ya sassaƙa a farantin tagulla, na 1643 ne.



Bashi ya ci shi a 1656, gidan ya salwanta, ya rasu a 1669. A yau gunkinsa na nan a bakin Amstel, kusa da tsohon injin iska na Riekermolen, ya durƙusa yana zane.