Kwamfuta ta ƙi tashi: abubuwan dubawa kafin a goge diski

A shagunan masu gyaran kwamfuta na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ƙorafi guda ne ke yawan dawowa: an kunna na'ura, allo ya yi baƙi, wani ɗan rubutu ya fito, shi ke nan ta tsaya. Matsalar ta fi addabar masu diski biyu a cikin kwamfuta ɗaya, misali SSD sabo da tsohon diski, ko waɗanda suka haɗa Windows da Linux, kamar yadda ɗalibai masu karatun kimiyyar kwamfuta ke yi. Sau da dama maganin da ake gaggawar bayarwa shi ne a goge komai a sake zuba Windows. Ta haka ne kundin kammala karatu, lissafin shago da hotunan iyali ke salwanta, alhali a mafi yawan lokuta suna nan lafiya, hanyar kai wa gare su ce kawai ta ɓace.

Yadda kwamfuta ke tashi

Idan aka danna maɓallin kunnawa, ba Windows ce ke fara aiki ba. Wata ƴar manhaja ce da ke zaune a jikin na'urar, wadda ake kira BIOS a tsofaffin kwamfutoci, UEFI a sababbi. Aikinta ta bi jerin diskoki ɗaya bayan ɗaya tana neman mai buɗe ƙofa, wato ɗan shirin da zai tayar da babbar manhaja. Na Windows sunansa Windows Boot Manager, na Ubuntu da yawancin Linux kuwa GRUB.

A tsohon tsari, wannan shiri yana farawa ne daga farkon diski, a wani gurbi mai bayit 512 kacal da ake ce wa MBR. A sabon tsari na UEFI, ana tsara diski da salon GPT, a ware wani ƙaramin yanki mai suna EFI inda fayilolin tashi ke zama. Windows 11, wadda ta fito a 2021, sabon tsarin take buƙata. Duk inda wannan sarƙa ta tsinke, nan kwamfuta za ta cije.

Karanta abin da allo ya rubuta

Saƙon da ya fito shi ne ke nuna inda ciwon yake, don haka a ɗauki hotonsa da waya. "No bootable device" ko "Operating system not found" na nufin na'urar ba ta ga diskin da za ta tashi da shi ba. "BOOTMGR is missing" na nufin ta ga diski amma fayil ɗin tayar da Windows ba ya nan. Idan "grub rescue" ya fito, GRUB ne ya rasa yankin da Linux take, galibi bayan an goge ko an sauya girman wani yanki. Allo shuɗi mai ɗauke da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE kuwa, Windows ta fara tashi sannan ta kasa karanta diskinta.

Fara da mai sauƙi

Da farko a cire duk wani kile na USB, katin ajiya da diskin waje, a sake kunnawa. Kwamfuta na iya ƙoƙarin tashi daga kilen da babu komai a kansa.

Na biyu, a buɗe jerin zaɓin tashi da zarar an kunna: F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP. Idan aka zaɓi diskin da ya dace ta tashi, to jerin ne ya rikice. Sai a shiga saitin BIOS, da F2 a Dell ko F10 a HP, a mayar da wannan diski kan gaba.

Idan kuma jerin na sake rikicewa duk lokacin da wuta ta ɗauke, kwanan wata ma ya koma baya da shekaru, to ƙaramin batirin cikin na'urar ne ya mutu. A kwamfutar tebur yawanci CR2032 ne, mai kusan girman tsabar dala guda. Wannan ya zama ruwan dare a kwamfutocin hannu na biyu da suka cika kasuwanninmu.

Idan BIOS bai nuna sunan diskin ba sam, a kashe, a zare waya daga wuta, a duba ko ƙura ko girgiza sun sassauta mahaɗinsa. Diskin da ke ƙara "ƙas-ƙas" kuwa yana gab da mutuwa. A daina kunna shi, a kai wa gwani ya kwashe bayanai.

Tarkon diski biyu

Ga kuskuren da ya fi yawa. Mutum ya sayi SSD, ya zuba Windows a kai alhali tsohon diski na haɗe. Mai girka Windows ya tarar da yankin tashi a tsohon diski, sai ya ajiye fayilolin tashi a can. Komai na tafiya daidai har ranar da aka cire ko aka goge tsohon diskin: Windows na nan a kan SSD, amma makullinta ya tafi. Rigakafin shi ne a cire sauran diskoki kafin a girka, a mayar da su bayan an gama.

Idan aikin gama ya gama, a tashi da kilen girka Windows, a zaɓi "Réparer l'ordinateur" maimakon girkawa, sannan "Dépannage" da "Invite de commandes". Umarnin bcdboot na sake rubuta fayilolin tashi, amma sai an tanadi yankin EFI a kan SSD ɗin. A kula, haruffan diskoki na sauyawa a nan: abin da aka saba gani C na iya zama D. Wanda bai saba ba ya nemi taimako, domin umarnin clean na diskpart, idan ya faɗa kan diskin da ba shi ba, yana share tsarinsa gaba ɗaya.

Windows da Linux a gida ɗaya

Dole a girka su biyun da tsari ɗaya. Idan Windows na UEFI, Linux kuma na tsohon tsari, GRUB ba zai iya tayar da Windows ba. An fi so a fara girka Windows, Linux ta biyo baya, saboda Windows kan sa nata shirin a gaba. Idan GRUB ya ɓace, a tashi da kilen Ubuntu a yi amfani da manhajar Boot-Repair. Idan kuma Windows ce ta ɓace daga jerin GRUB, a kunna os-prober, wanda GRUB 2.06 ya zo da shi a kashe, sannan a ba da umarnin update-grub.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Madannanmu na AZERTY ne, amma a wurin "grub rescue" na'urar na ɗaukar su a matsayin QWERTY: a danna A sai Q ya fito. Sannan Linux na ajiye agogon na'ura bisa lokacin UTC, Nijar kuma na gaba da shi da awa 1, shi ya sa agogon Windows ke komawa baya da awa guda bayan an fito daga Linux. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 na magance wannan.

Haka nan a kashe "Démarrage rapide" na Windows, domin yana barin diski a rabin barci, Linux ta kasa rubutu a kansa.

Abubuwan kiyayewa

Kada a sauya saitin diski tsakanin AHCI da RAID haka kawai, shi ke jawo shuɗin allon nan. Idan an riga an sauya, a mayar yadda yake. Kafin a taɓa Secure Boot, a tabbatar an mallaki lambar ceto ta BitLocker mai alƙaluma 48, in ba haka ba diski na iya kullewa. Idan Windows ta nemi a goge ko a tsara wani diski da ba ta gane ba, a ƙi, wataƙila na Linux ne.

Kafin a miƙa kwamfuta ga mai gyara, a gaya masa ƙarara cewa ana son bayanan da ke ciki. Da kilen Ubuntu ana iya buɗe diskin da ba a kulle ba, a kwafe fayiloli zuwa diskin waje ko da Windows ta ƙi tashi. Sai an ga fayilolin da ido a wani wuri na daban sannan a yarda a goge.